Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Gardamar Ɗan Benci a Filadelfiya

Yau ba Firimiya za mu leƙa ba, ba kuma La Liga ba. Zan ɗauke ku zuwa Amurka, birnin Filadelfiya, wajen waccan ƙwallon da ake rungumewa a ƙirji a ruga da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano da kariya a kafaɗu. Wanda bai taɓa kallonta ba kada ya murɗa akwatinsa tukuna, domin gardamar da zan kawo ya san irinta. Duk wanda ya zauna a gidan kallon ƙwallo a watan Agustan 2023, lokacin da Arsenal ta karɓo aron David Raya daga Brentford alhali Aaron Ramsdale bai daɗe da sabunta kwantiraginsa ba, ya ji yadda magoya baya suka rabu biyu. Wasu na cewa me ya yi zafi, muna da gola. Wasu na cewa a bar koci ya yi aikinsa. To a ƙwallon Amurka irin wannan rigima ta fi ƙamari nesa ba kusa ba, saboda matsayin da ake rigimar a kansa.

Sunan matsayin kwatabak. Ni dai madugu nake kiransa, don ban sami kalmar da ta fi dacewa da shi ba. Kowane ɓangare na da mutum 11 a fili, kuma masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi goma, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kusan kowace dama daga hannun madugu take farawa. A cikin hularsa akwai 'yar na'ura da koci ke faɗa masa dabarar da za a buga, kuma ana katse muryar kocin idan saura daƙiƙa 15 a fara. Daga nan shi kaɗai ne. Shi zai isar da umarni ga sauran goma, ya dubi yadda masu tsaro suka jeru, ya sauya shiri in ya hango tarko, ya karɓi ƙwallo, sannan cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ya zaɓi wanda zai jefa wa, ga ƙarti masu nauyin kilo ɗari da ɗoriya sun nufo shi da niyyar su maka shi da ƙasa. Gola da mai raba ƙwallo a tsakiya da kyaftin, duk a jikin mutum guda. Kuma ba a yin karɓa-karɓa a wurin. Ɗaya ne ke bugawa, na biyun yana tsaye a gefen fili da na'ura a kunne, wani lokaci kakar wasa ta ƙare bai jefa ƙwallo goma ba.

A kan wannan na biyun, ɗan ko-ta-kwana, mutanen Filadelfiya suka kusa cinye shugabannin ƙungiyarsu ta Eagles ɗanye a watan Afrilun 2020.

Sai kun san mutanen garin kafin ku gane zafin abin. Filadelfiya gari ne da ake kwana a tashi da rediyon wasanni. Akwai tashar WIP, inda direban babbar mota da ma'aikacin asibiti ke bugo waya tun da asuba su zazzage abin da ke ransu. A 1999 wani mai gabatar da shiri a tashar, Angelo Cataldi, ya kwashi magoya baya zuwa New York wurin zaɓen sababbin 'yan wasa, kuma da ƙungiyar ta ɗauki Donovan McNabb maimakon wanda suke so, suka yi ta ihun ƙin amincewa a gaban yaron. McNabb ɗin ya zo ya jagorance su shekara goma sha ɗaya. Mutane ne masu son ƙungiyarsu har cikin ɓargo, kuma ba sa ɓoye ɓacin rai.

To a 2020 suna da madugu, Carson Wentz, wanda suka ɗauka na biyu a zaɓen 2016. A watan Yunin 2019 aka ƙara masa kwantiragin shekara huɗu a kan dala miliyan 128. Ko shekara ba a yi ba, a zagaye na biyu na zaɓen 2020, da aka zo kan lamba ta 53, sai babban jami'in ƙungiyar Howie Roseman ya kira sunan Jalen Hurts na jami'ar Oklahoma. Wani madugun. Lokacin annobar korona ne, kowa na kulle a gida, ba abin yi sai waya da rediyo, gari kuwa ya ɗauka. Roseman ya ƙara wa wutar fetur da ya ce burinsu ƙungiyar ta zama masana'antar ƙera madugai, maganar da aka yi shekaru ana yi masa gori da ita.

Na bi muhawarar a lokacin, kuma ina so in yi wa masu fushi adalci, don ba maganar banza suka yi ba. Hujjarsu ta farko lissafi ce. A gasar NFL ƙungiya ba ta kashe abin da ta ga dama. Akwai iyakar albashi da aka ƙayyade wa kowa, a 2020 kusan dala miliyan 198 ne, kuma mutum 53 za a raba wa. Zaɓen zagaye na biyu kuwa dukiya ce, domin a nan ake samun matashi mai araha da zai shiga fili ya yi aiki tun ranar farko. Eagles na fama da ƙarancin masu karɓar ƙwallo da masu tsaron baya. Don me za a ɗauki wannan dama a kashe a kan wanda, in abubuwa sun tafi daidai, ba zai taɓa cire rigar sanyinsa ba? Gida na yoyo, kai kuma ka je ka sayo kujerar baƙi.

Hujja ta biyu ta fi shiga rai. Cewa suka yi an yi wa Wentz kishiya. Ka ba mutum amana da dukiya, ka ce kai ne namu, sannan da gari ya waye ka shigo da yaro mai farin jini ka zaunar a bayansa. Daga ranar, duk jifar da ya kuskure sai kyamara ta juya ta nuno fuskar yaron a benci. Hausawa sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma ɗakin sauya kaya na 'yan ƙwallo ƙaramin gari ne. Da zarar wasu sun fara raɗa cewa da an gwada wancan, gida ya rabu.

Duk na ji waɗannan. Amma abin da ya ɗaure mini kai shi ne a ce Filadelfiya ce ke wannan tambaya. A duk faɗin Amurka babu garin da ya ci moriyar ɗan benci kamar su, kuma abin bai daɗe da faruwa ba.

Mu koma watan Maris na 2017. Eagles ta sallami Chase Daniel, ta dawo da wani tsohon ɗanta, Nick Foles, a kan dala miliyan 11 na shekara biyu. Ba a yi wani biki ba. Masu magana ma ƙorafi suka yi, cewa kuɗin sun yi yawa ga wanda tauraronsa ya riga ya dushe. Foles ya taɓa haskawa a garin a 2013, ya yi jifa 27 da aka ci maki da su, sau biyu kacal abokan hamayya suka cafke masa ƙwallo. Daga baya aka musanya shi zuwa Rams, abubuwa suka lalace masa, har a 2016 ya yanke shawarar ajiye wasan gaba ɗaya yana ɗan shekara 27. Tsohon kocinsa Andy Reid ne ya jawo shi Kansas City ya zauna a benci shekara guda, zuciyarsa ta dawo. Wannan ne mutumin da aka ajiye a bayan Wentz.

Kakar 2017 Wentz ya yi ta kamar ba gobe, ana ta ambatonsa a matsayin gwarzon shekara. Ranar 10 ga Disamba, a Los Angeles, ya rungumi ƙwallo ya yi tsalle cikin gidan Rams, masu tsaro biyu suka matse masa ƙafa. Alƙalin wasa ya soke cin saboda laifin wani abokin wasansa. Wentz ya miƙe yana ɗingishi, ya ƙara buga dama huɗu a kan gwiwar da jijiyarta ta riga ta tsinke, ya jefa wa Alshon Jeffery ƙwallon da ta zama cinsa na 33 a kakar, sannan ya rufe kansa da tawul ya nufi ciki. Shi ke nan, kakarsa ta ƙare. Eagles ta ci wasan 43 da 35, ta yi nasara 11 cikin wasa 13, amma garin ya kwana kamar gidan makoki.

Foles ya karɓa, kuma gaskiya farkon abin bai ba da ƙwarin gwiwa ba. Ya yi kyau da Giants, ya yi wasa marar daɗin kallo da Raiders a daren Kirsimeti, a wasan ƙarshe kafin a shiga fitar da gwani Dallas ta ci su 6 da nema. Masu hasashe suka cire su daga lissafi, har 'yan wasansu irin su Lane Johnson da Chris Long suka riƙa sa fuskar kare ta roba bayan wasa, don a Amurka da kare ake kwatanta wanda aka raina. Koci Doug Pederson da mataimakansa suka koma suka tono faifan wasannin Foles na 2013, suka sake ɗinka dabarun ƙungiyar daidai jikinsa. A wasannin fitar da gwani suka fitar da Atlanta 15 da 10. Suka lallasa Minnesota 38 da 7. Sai ga su a wasan ƙarshe, Super Bowl, ranar 4 ga Fabrairun 2018 a Minneapolis, gaban New England da madugunta Tom Brady.

Na kalli wasan nan. A agogonmu na Najeriya da Nijar sai bayan sha biyun dare ake farawa, ga sanyin hunturu, ina ƙudundune da bargo da kofin shayi. Abin da ya sa na hana idona barci har da 'yan gida: Nelson Agholor, haifaffen Legas, wanda ya cafe ƙwallo tara a daren, da Jay Ajayi da iyayensa 'yan Najeriya ne. Amma abin da ya zauna mini a rai wani ne daban. Saura daƙiƙa 38 a tafi hutun rabin lokaci, Eagles na gaba 15 da 12, suna yadi ɗaya da gidan abokan hamayya, kuma damarsu ta huɗu ce, ta ƙarshe. Mai hankali zai ce a buga ƙwallo da ƙafa a karɓi maki uku a tafi. Foles ya taka zuwa gefen fili, ya dubi kocinsa, shi da kansa ya ba da shawarar wata dabara da suka daɗe suna ɓoyo. Pederson ya yi shiru na ɗan lokaci, ya amince. Suka jeru. Foles ya matsa gaba kamar mai gyara wa 'yan layi tsayuwa, ya tsaya a gefe hannu sake kamar ba ruwansa. Aka miƙa ƙwallo kai tsaye ga Corey Clement, ya ruga hagu, ya cilla wa Trey Burton da ke tahowa dama, shi kuwa Foles ya sulale cikin gida ba kowa a kansa. Burton ya ɗaga masa ita a hankali, ya tare da hannu biyu. Madugu, wanda aikinsa jifa, shi ya karɓa.

Ku lura da waɗanda suka taɓa ƙwallon nan. Clement yaro ne da babu ƙungiyar da ta zaɓa a shekarar. Burton shi ne na uku a matsayinsa. Foles ɗan benci. Brady ya yi jifar yadi 505 a daren, abin da ba a taɓa yi ba a wasan ƙarshe, amma Eagles ta ci 41 da 33. Foles ya yi yadi 373, aka ba shi kyautar gwarzon wasa. Rabon garin da kofin gasar tun 1960. Yau in ka je filin wasansu akwai mutum-mutumin Foles da Pederson suna wannan shawara.

Shekarar da ta biyo, Wentz ya dawo, a Disamba ƙashin bayansa ya tsage, Foles ya sake karɓa ya kai su wasannin fitar da gwani, har suka cire Chicago 16 da 15. A 2019 Foles ya tafi Jacksonville inda aka ba shi dala miliyan 88 ya zama na ɗaya. A watan Janairun 2020 kuma, watanni uku kacal kafin a zaɓi Hurts, Wentz ya buga wasansa na farko na fitar da gwani, da Seattle. Ba a gama kashin farko na wasan ba Jadeveon Clowney ya faɗo masa a ka, aka fitar da shi. Wa ya shiga? Josh McCown, ɗan shekara 40, wanda ya riga ya yi ritaya aka roƙo shi ya dawo. Bawan Allah ya yi iya yinsa, naman cinyarsa ya yage yana wasa bai fita ba, aka ci su 17 da 9, ya durƙusa a hanyar shiga ɗaki yana kuka.

Shekara uku a jere ke nan, duk lokacin da aka zo wasan da in an faɗi an fita, ba Wentz ne ya ƙarasa shi ba. Wannan shi ne abin da ke kan teburin Roseman ranar da ya kira sunan Hurts. Ina jaddada wannan ne domin ba na son a ce don abin ya yi kyau daga baya ne nake yabonsa. Hukunci ana auna shi da abin da aka sani ranar da aka yanke shi. A ranar an san madugun gida gwani ne amma jikinsa na yawan ba shi matsala. An san gogaggen ɗan benci yana cin miliyoyi duk shekara, shi kuwa Hurts kwantiraginsa na shekara huɗu gaba ɗaya kimanin dala miliyan shida ne. An kuma san halin yaron. A jami'ar Alabama, inda ya fara kafin ya koma Oklahoma, a wasan ƙarshe na ƙasa a Janairun 2018, an cire shi a hutun rabin lokaci aka sa Tua Tagovailoa, duniya na kallo. Bai yi yaji ba. Ya zauna shekara guda a benci, kuma a Disambar wannan shekara da Tua ya ji rauni a wasa da Georgia, ya shigo suna baya ya juya wasan suka ci 35 da 28. Wanda ya sha wannan ɗaci ya haɗiye, ya san zaman jira.

Mutane na ɗauka zaman benci hutu ne. Bari in gaya muku yadda makon ɗan ko-ta-kwana yake. A atisaye, kusan duk damar da ake bugawa da manyan 'yan wasa ta madugu na ɗaya ce, don shi za a shirya. Na biyun sau da yawa aikinsa shi ne ya kwaikwayi madugun ƙungiyar da za a kara da ita, ana ɗaga masa kati da zanen dabarunsu, don masu tsaron gida su saba. Wato yana kashe mako yana buga wasan wani. Duk da haka dole ya haddace shirin nasu ƙungiyar kamar shi zai fara, ɗaruruwan kira masu dogayen sunaye. Da safe yana ɗakin kallon faifai tare da na ɗaya, yana nuna masa abin da ido ɗaya ba zai gani ba. Ranar wasa yana tsaye da kwamfutar hannu, duk fitowar na ɗaya su haɗa kai a kan hotuna. Sannan, ba sallama ba gargaɗi, wani ya faɗi bai tashi ba, a ce ɗauki hularka. Jifa biyar ko shida zai yi a gefen fili don jiki ya saki, ya shiga gaban mutum dubu saba'in. Irin wannan mutum ba a tsintarsa a bakin hanya ranar Litinin bayan an yi rauni ranar Lahadi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Waɗanda suka gwada sun ɗanɗana. Indianapolis ta yi shekaru tana dogara da Peyton Manning shi kaɗai, da wuyansa ya hana shi wasa a 2011, biyu suka ci cikin 16. New York Jets ta ɗauko Aaron Rodgers a 2023 da ganga da algaita, a damarsa ta huɗu a wasan farko jijiyar agararsa ta tsinke, kakar ta bi ruwa. A Nuwamban 2020 dokokin korona suka hana duk madugan Denver wasa, aka sa wani matashi Kendall Hinton da ba matsayinsa ba ne, ya yi jifa tara ɗaya ta isa hannun nasa. Su kansu mutanen Filadelfiya sun ga abin a filinsu a Janairun 2023, lokacin da San Francisco ta rasa Brock Purdy da Josh Johnson a wasa ɗaya, ta ƙarasa ba mai iya jifa, aka ci ta 31 da 7. Wannan ne ya sa hukumar gasar ta dawo da dokar ajiye madugu na uku don gaggawa. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, amma a kakar 2022 da ta 2023 sama da madugai 60 ne suka fara wasa a kowacce. Shi kansa Brady da ake ta magana, na 199 aka zaɓe shi a 2000, kuma yana benci ne har ranar da aka yi wa Drew Bledsoe mummunan karo a Satumban 2001.

Sai dai akwai inda masu fushi suka yi gaskiya, kuma ba zan tsallake shi ba. Maganar kishiya ta tabbata. Kakar 2020 Wentz ya rikice, irin rikicewar da ba a saba gani ba ga ɗan wasa mai shekara 27. Sau 15 aka cafke masa ƙwallo, sau 50 aka kayar da shi, cikin wasa 12. Gaskiya ne masu kare shi sun yi ta jin rauni, amma duk mai kallo ya ga mutumin da ke ƙoƙarin yin abin al'ajabi a kowace dama, kamar mai jin numfashin wani a ƙeyarsa. Ranar 6 ga Disamba a Green Bay aka zaunar da shi aka sa Hurts. Ƙungiyar ta gama da nasara huɗu kacal. Aka sallami Pederson, kocin da mutum-mutuminsa ke ƙofar fili. Aka sayar da Wentz ga Indianapolis, Eagles ta ɗauki asarar kusan dala miliyan 34 a lissafin albashinta saboda mutumin da ba ya tare da ita.

Ni a ganina kuskuren yana wajen yadda aka bi da mutum. Wentz ya riga ya kalli wani ya ɗaga kofin da shi ya share wa hanya, yana tsaye a gefe. Ga kuma gunkin wanda ya maye gurbinsa a tsaye a filin wasansu. Mai irin wannan tabo a zuciya, in za a ajiye masa wani a baya, yana buƙatar a zaunar da shi a yi masa magana ta gaskiya, a ci gaba da yi, a kuma gyara masa layin da ke kare shi. Sayen ɗan benci daidai ne. Amma shugabanni sun yi lissafin kuɗi da na rauni, suka yi sakaci da lissafin zuciya, kuma sun biya da tsada. Abin yana ba ni tausayi har yau, domin Wentz na 2017 ɗan wasa ne da ba a cika samun irinsa ba.

Akwai kuma wani abu da na lura da shi a irin wannan gardama, ko a Filadelfiya ko a wani wuri. Mai goyon baya idan ya ce me ya sa aka sayo wannan, sau da yawa tsoro ne ke magana. Ya sayi riga mai lambar gwaninsa, ya sa wa ɗansa, ya gina burinsa a kan mutum ɗaya. Zuwan ɗan ko-ta-kwana yana tuna masa abin da ba ya so ya tuna, cewa gwiwa guda ce tsakaninsa da rushewar komai. Shi mai goyon baya yana da damar ya kawar da kai daga wannan. Wanda aka damƙa wa ƙungiya ba shi da ita. Shi ya sa Green Bay ta zaɓi Jordan Love a wannan shekara ta 2020 alhali Rodgers, madugunta a lokacin, na nan da ƙarfinsa, kamar yadda ta zaɓi shi Rodgers ɗin a 2005 Brett Favre na kan gadonsa. Shi ya sa Atlanta ta ba Kirk Cousins kwantiragin dala miliyan 180 a Maris na 2024, a Afrilu kuma ta ɗauki Michael Penix da lamba ta takwas, magoya bayanta suka yi ta salati. Ba duka irin wannan caca ke biya ba, kuma ta Atlanta ni ma na ga ta yi tsada da yawa. Lamba ta takwas daban, ta 53 daban.

Hurts dai ya zama madugun Eagles. Ya kai su wasan ƙarshe a Fabrairun 2023, Kansas City ta ci su 38 da 35, bayan wata biyu aka ba shi kwantiragin dala miliyan 255. Kuma kun san me ƙungiyar ta yi a Maris na 2024? Ta je Pittsburgh ta ɗauko Kenny Pickett ta ajiye a bayansa, wayoyin rediyo suka sake ɗaukar zafi, masu cewa an yi asarar zaɓe a kan wanda ya gaza a wani wuri. Ranar 22 ga Disamba kan Hurts ya bugu da ƙasa a Washington, aka fitar da shi, Pickett ya shiga. Mako na gaba Pickett ya fara wasa da Dallas, ciwon haƙarƙari ya fitar da shi, na uku Tanner McKee ya ƙarasa, suka ci 41 da 7 suka lashe rukuninsu.

Ranar 9 ga Fabrairun 2025, a New Orleans, Eagles ta sake haɗuwa da Kansas City a wasan ƙarshe. Wannan karon ba a yi wata doguwar jayayya ba, 40 da 22 aka tashi, Hurts ne gwarzon wasa. Da nasara ta tabbata aka fitar da shi ya huta, Pickett ya shiga ya ƙarasa mintunan ƙarshe. A ɗaya gefen filin kuwa, cikin 'yan Kansas City, akwai wani dogo mai jan gemu riƙe da hularsa, wanda aka ɗauko a farkon kakar don ya zauna a bayan Patrick Mahomes ko da wani abu zai faru. Carson Wentz ne.